Ɗan Duba Ya Ce da Ransa

Ku yaran yanzu, in na gan ku kun rubuta layi ɗaya mai cike da taurari da baka da ɗigo kun miƙe ƙafa kuna cewa aiki ya ƙare, dariya kuke ba ni, wani lokacin kuma haushi. Ku rejeks kuke ce masa. Mu a shagonmu na Treichville rariya muke ce masa, don aikinsa ke nan: ka zuba masa rubutu tuli, ya riƙe abin da ka ce ya riƙe, sauran ya zube. Ku kuwa a intanet kuke tsinto taku ku liƙa, ba ruwanku da wanda ya saƙa ta, ba ruwanku da irin garin da aka saƙa ta don ta tankaɗe. To ni na ga ranar da takabar wata mata ta rataya a kan harafi guda da rariya ta tsallake. Ku kife wayoyin nan ku ji.

Ni Nasiru, daga Katsina na zo Abidjan, a farkon shekarun casa'in, wurin kawuna mai shigo da yadi a Adjamé. Bai daɗe da zaunar da ni a shago ba ya gane bakina bai iya ciniki ba, sai ya kai ni wurin Malam Isufu, wani Badamagare haifaffen Treichville da ke rubuta wa 'yan tiranzi manhaja, wato masu fito wa mutane da kaya daga por, tashar jiragen ruwa. Gajere ne, mai tabarau mai kauri, goro ba ya barin bakinsa, kuma da harshe uku yake faɗa: ya fara da Faransanci, ya ratsa ta Jula, ya sauke da Hausa. Shagon ɗaki ɗaya ne a saman wani mai facin taya. Kwamfuta biyu, firinta mai ƙara kamar injin markaɗe, da gwangwanin biskit da muke ɓoye disket a ciki, don raɓar teku tana sa musu fumfuna.

Watannin farko ko taɓa madannai bai bar ni na yi ba. Takardun kaya ya tula mini, ya ce in zauna in koyi yadda mutane ke ɓata rubutu. Nan na ga mutum ɗaya ya zama huɗu a takardun por: Muhammadu a wannan, Mahamadou a waccan, Mamadou, Mohamed. Na ga lambar kwantena, wadda ƙa'idarta haruffa huɗu ne da lambobi bakwai, wani ya raba ta da ɗigo, wani da sanda, wani ya sa harafin O inda ya kamata ya sa sifili. Rariyar da ba ta san waɗannan halaye ba, ko dai ta zubar da kayan mutum, ko ta riƙe tsakuwa ta ce hatsi ne. Abin da ya sa take da haɗari kuwa shi ne ba ta kuka in ta yi kuskure. Shiru take yi ta miƙo maka amsa, kai kuma ka karɓa da hannu biyu.

Don haka ne Malam Isufu ya rubuta wata manhaja da ba ta da wani aiki sai bincikar rariya. Abu biyu take yi. Da farko ta karanta rariyar kanta, ta ga ko an bar baka a buɗe, ko an sa ɗigo tsirara alhali ɗigo tsirara kowane harafi yake kamawa, ko an saki tauraro mai haɗama da zai cinye layi har ƙarshensa. Sannan ta kwararo mata tsofaffin layukan da suka taɓa cizonmu, da sababbin da muke aiki a kansu, ta ga me ta riƙe, me ta saki. Duk ranar da wani kuskure ya kunyata mu a gaban mai kaya, a ranar Malam Isufu zai ƙara masa doka a ciki, ya rubuta faɗan da za ta yi wa duk wanda ya sake shi. Da bakinsa yake rubutawa, yadda yake magana. Sai ka ga allo ya ce maka, "Toi aussi, kai ma dai, tauraron nan zai cinye har sa hannun duwan," wato 'yan kwastan, ko kuma, "Ka kulle gaba ka bar baya a hangame."

Wani Alhaji mai shigo da tayoyi ne ya jawo mata suna. Ya tambayi Malam Isufu wa ke duba masa aikin nan in ya gama, shi kuma ya ce ai muna da ɗan duba a shago. Alhajin ya ja baya yana a'uziyya, ya ɗauka mai bugun ƙasa muka ajiye. Muka yi ta dariya, sunan kuma ya bi ta har yau. Dokar shago ɗaya ce: ba rariyar da ke fita aiki sai Ɗan Duba ya sallame ta.

Shekarar da aka ƙara wa lambobin waya tsawo, daga shida zuwa takwas, na ga amfaninsa da idona. Ofisoshi da yawa a bakin por suka wayi gari manhajarsu na guntule lambar mutane, suna kira ana ce musu ba nan ba ne. Mu kuwa sababbin lambobin kawai muka zuba wa Ɗan Duba, ya yi ta nuna mana rariya ɗaya bayan ɗaya yana zagi, muna gyarawa. Bayan wannan aikin ba da daɗewa ba Malam Isufu ya kwanta, 'yar gajeriyar jinya, Allah Ya karɓi abinsa. Da aka yi sadakar uku na buɗe shago, na rubuta wata 'yar rariya hankalina ba a jikina ba, na miƙa ta. Allo ya ce, "Toi aussi, ina ka bar kanka yau?" Na tashi na sauko ƙasa na zauna wurin mai faci har azahar, ban iya gaya masa abin da ya koro ni ba.

Daga baya na saba, amma ban taɓa canza masa ko kalma ɗaya ba. Abin da ban saba da shi ba shi ne, jefi-jefi sai wani faɗa ya fito wanda ban taɓa gani ba, saboda ban taɓa yin kuskuren da aka tanadar masa ba. Shekara da shekaru mutum yana ƙasa, sai ga sabuwar magana daga bakinsa, daidai da abin da hannunka ya aikata yanzun nan. Ina sane sarai cewa tun yana raye ya rubuta. Sanin bai taɓa hana tsikar jikina tashi ba.

Aikin da nake so ku ji, na wata ƙungiyar 'yan kasuwarmu ne a Adjamé, mutanen Nijar da na Nijeriya a haɗe. Da wayar hannu ta yawaita, na haɗa musu waya guda da kwamfuta a bayan shagon magatakardansu, Alhaji Sanda. Kowa ya turo teksto, wato saƙon waya, rariya ta raba: wannan na isowar kaya ne, wannan na biki ko suna, wannan na rasuwa. Na rasuwa in an danna, sai ya shiga wayar kowane ɗan ƙungiya. A hankali abin ya zama kamar shela. Da saƙon ƙungiya ya fita, magana ta tabbata: a shimfiɗa tabarmi, a buga waya gida Maraɗi ko Kano, matar mamaci ta cire adonta ta shiga takaba.

Sai ga muguwar shekara, wadda gari ya rikice bayan zaɓe. Bankuna suka rufe, aiki ya tsaya a por, kowace kwana samari sun gicciya katako sun ce baraj ne, suna tambayar sunanka kafin su dubi fuskarka. Wanda bai san Adjamé ba ba zai gane abin da nake nufi ba in na ce ta yi shiru. Wurin da ihun yaran gbaka, ƙananan motocin haya, ba ya barin ka ji wanda ke kusa da kai, sai ga shi da hantsi kana jin takun sawunka, kana jin leda tana jan ciki a kan kwalta. A cikin kwanakin nan ne Alhaji Iliyasu, wani Ba'adare mai sayar da albasa da ke zaune a Bromakoté, nan cikin Adjamé, ya fita da safe zai leƙo ma'ajiyarsa a Treichville, bai dawo ba. Aka yi ta kiran wayarsa, a kashe. Ƙanensa ya ce a haƙura a yi masa sallah daga nesa. Matarsa, Hajiya Maryama, ta ce ita ba za ta zauna takaba a kan an ce an ce ba, amma in saƙon ƙungiya ya fita, ta sallama.

Wata safiya Alhaji Sanda ya aiko in zo. Ya ce rasuwa tana wuce mu ba mu sani ba, domin yaran da aka haifa a nan ba sa rubuta "ya rasu", da Faransanci suke rubutu, su sa feu a gaban suna, wato marigayi. Ya ce in ƙara kalmar a rariya. Na ƙara, sai ta kwaso rabin saƙonnin makon, don kowa maganar couvre-feu yake yi, dokar hana fita. Na matse ta, na ce kada ta riƙe feu sai in Alhaji ko Malam ko Hajiya ya biyo bayanta. Na sake zubawa. Wannan karon kaɗan ta riƙe, kuma a cikinsu akwai wani daga lambar da ba mu sani ba, ba babban harafi, ba waƙafi:

on a vu o feu el hadj illiassou

Alhaji Sanda ya cire hularsa ya yi salati. Ya ce shi ke nan, an ga gawar, in danna ya fita, baiwar Allah nan ta huta da zullumi. Na ce ya yi haƙuri, sabuwar rariya ce, ba ta bi ta wurin Ɗan Duba ba. Ya ce yau ma sai an yi wannan bidi'ar? Na ce yau ma. Na miƙa ta, muka zuba wa allo ido. Ba kowa a layin shagunan sai mu biyu, fanka ma a tsaye take don muna tattalin batir. Sai ya fito da saƙon nan shi kaɗai, sunan Alhaji Iliyasu a jiki, ya rubuta a ƙarƙashinsa:

"Wannan da ransa. Sake shi."

Ban taɓa ganin wannan faɗan ba. Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Alhaji Sanda ya san Malam Isufu, shi ma yana cikin waɗanda suka kai shi makwancinsa, kuma ya gane salon maganar. Ya matso da fuskarsa ya sake karantawa a hankali, yana motsa leɓe. Ya mayar da hularsa ya fita. Na ɗauka iska zai sha.

Da na dawo cikin hayyacina na buɗe cikin Ɗan Duba na nemo dokar. Tsohuwa ce, tun kafin zuwana. Wani ɗan tiranzi ne ya taɓa sa a ware masa kayan waɗanda suka rasu, a riƙe har magada su zo, rariyar kuma ta riƙa kama masu rai. Kun san a garin nan ba a kwatance da lambar gida. Cewa ake yi au feu, wato a wurin danja, ka karya dama, bayan masallaci. To sai Malam Isufu ya sa doka: in au ko o ya zo gaban feu, wuri ake nufi, ba mamaci ba. Ni kuma rariyata abin da ke bayan kalmar kawai ta duba, ba ta waiwayi gabanta ba. Ɗan Duba bai yi ƙarya ba, rariyar ce ke da rami.

Amma ku dubi saƙon da kyau. In wannan o ɗin au ne da aka gajarta, to an ga Alhaji Iliyasu a wurin danja, yana tsaye da ƙafafunsa. In kuwa o ɗin nan ne da mutanen Abidjan ke jan magana da shi in abu ya dame su, to mai saƙon cewa yake, mun gani fa, marigayi Alhaji Iliyasu. Akwai kuma karatu na uku da ban so na tuna da shi ba, don feu wuta ce, kuma a kwanakin nan kowa ya san abin da ake yi wa mutane a wasu baraj. Ba rariyar da za ta raba muku waɗannan ukun, kuma ba ɗan duban da zai raba. Shi iyakarsa ya ce maka rariyarka ta kama abin da ba ka tabbatar ba. Na kira lambar ya fi a ƙirga, a kashe. Ba a jima ba ma aka datse teksto a ƙasar gaba ɗaya.

Ashe Alhaji Sanda ba iska ya fita sha ba. Da ƙafa ya ratsa har Bromakoté, ya yi sallama a gidan, ya ce wa Hajiya Maryama Ɗan Duba ya ce da ransa. Kafin la'asar maganar ta zagaye unguwa, kuma a bakin mata ta koma cewa ƙungiya ta sa an yi duba an ga Alhaji. Washegari na je da kaina. Na tarar ta sa an share ɗakinsa, an wanke masa manyan riguna an shanya. Na durƙusa na yi mata bayani dalla-dalla, na ce na'ura ce, kuma ba mijinta take nufi ba, harafi take nufi. Ta saurare ni har na gama, ta sa aka kawo mini acake, dambun rogon nan nasu, da kifi, ta tambaye ni abu ɗaya: saƙon ƙungiya ya fita ko bai fita ba? Na ce bai fita ba. Ta ce to.

Ba zan iya fitar da shi ba, kuma ko yau aka dawo da ni wurin ba zan danna ba. Wa zai shelanta mutuwar mutum a kan harafin da bai san ma'anarsa ba? Sai dai rashin dannawar ma ba kyauta ba ne, wani ne ke ɗaukar nauyinsa.

Da gari ya lafa aka shiga nema. Asibitoci, ɗakunan ajiye gawa, wuraren da aka tsare mutane, har gida Tawa aka aika ko ya bi wata mota ya fice. Ma'ajiyarsa tana nan a kulle, albasar ta ruɓe ta tsiro ta ƙarƙashin ƙofa. Ba wanda ya ce ya gan shi, a danja ko a wani wuri. Malamai suka zauna suka ce wanda ya ɓace a irin wannan fitina, matarsa tana iya shiga takaba tunda ƙura ta kwanta. Ta ce ta gode, ba ta shiga ba. Ba a raba gado ba, ba a yi masa addu'ar mamaci a gidan ba, 'ya'yansa ba su san ko su ce Allah Ya ji ƙansa ko Allah Ya dawo da shi ba. Ƙanensa ya same ni a shago ransa a ɓace, ya ce ni na ɗaura wannan ƙulli, ni zan je in kwance.

Wajen ƙarshen shekarar na koma Bromakoté. Gbaka sun dawo, ihu ya dawo, har ka rantse ba a yi komai ba. Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa, da kwalli a idonta, da 'yan kunnenta. Bayan mun gaisa na ce, "Hajiya, don Allah ki ji ni da kyau. Maganar nan ba duba ba ce. Maigidana ne ya rubuta ta da hannunsa, tun Alhaji bai san za a yi wannan rikici ba."

"Wane maigidan naka?"

"Malam Isufu, na Treichville."

Ta ɗago kai. "Mai tabarau? Ba shi ne ya rasu tun tuni ba?"

"Shi ne, Hajiya. Shi ya sa nake ce miki bai san komai a kan Alhaji ba."

Ta juya shinkafar da yatsa, ta tsamo wata 'yar tsakuwa ta jefar. Sannan ta dube ni yadda ake duban yaron da ya kasa gane abu mai sauƙi.

"Nasiru ɗana, ai shi ya riga mu zuwa can," in ji ta. "Da ya ga Alhaji a wurinsu, da bai ce a sake shi ba."